Sharhi a kan Kalmar "Hurumi" da Yadda Ake Jera Ma'anoninta

Akwai wata al'ada ta masu tsara ƙamus wadda muka gada tun daga Bargery (1934) da Abraham (1949), wadda kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) bai kauce mata ba, wato idan kalma tana da ma'ana fiye da ɗaya sai a jera ma'anonin da lamba, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, a bar mai dubawa ya tsinci wadda ta yi masa. Ga kalmomin da rubutu kaɗai ya haɗa su, kamar "fari" na launi da "fari" na ƙarancin ruwan sama, wannan tsari ba shi da aibu. Amma akwai kalmomin da jeri yake cutar da su, domin yana ɓoye igiyar da ta ɗaure ma'anonin wuri guda, har ɗalibi ya ɗauka baƙin juna ne da suka haɗu a masauki ɗaya. "Hurumi" tana cikin irin waɗannan kalmomi, kuma ita ce wannan maƙala za ta duba.

A yau ana jin kalmar a bakin mutum uku waɗanda ba safai suke zama inuwa ɗaya ba, wato manomi, da lauya ko mai karanta labaran rediyo, da kuma malamin jami'a. Alal misali:

(1) Kada ka kai garma nan, hurumin gari ne.
(2) Kotun ba ta da hurumin sauraron wannan ƙara.
(3) Tsarin sauti ba huruminsa ba ne.

Wanda ya bi tsarin jeri zai ce ta (1) fili ce, ta (2) iko ne, ta (3) ƙwarewa ce. Daga nan taki ɗaya ya rage masa ya ƙara da "mallaka", tun da a ganin mutane da yawa abin da yake ƙarƙashin ikonka naka ne. Haka kuwa masu fassara suke yi, musamman idan suka ci karo da kalmar Ingilishi "domain", wadda ita ma take ɗauke da ƙasa da mallaka da fannin ilimi. Sun ga ma'anoni sun yi kama, sai suka ɗaura wa kalmomin biyu aure. Sai dai kalmar Ingilishin ta fito ne daga Latin, daga "dominus", wato ubangida, mai gida da abin da ke cikinsa, saboda haka daga mallaka ta taso ta bazu zuwa sauran. Ita kuwa tamu daga hani ta taso. Matsayina shi ne ma'anar hurumi guda ɗaya ce, wato iyakar da aka hana wani ƙetarewa, kuma mallaka da ƙwarewa duk cusa su aka yi daga baya.

Asalin kalmar

Ba a gardama a kan cewa kalmar aro ce daga Larabci, daga saiwar h-r-m, wadda ta ba mu "haram" da "haramta" da "Harami" na Makka da "muharrami" da watan Muharram da kabbarar harama. Masana da dama suna sanya "alfarma" a wannan dangi, daga "al-hurma", kuma wanda ya san yadda /h/ da /f/ suke musanya a kare-karen Hausa ba zai yi mamaki ba. Duk 'yan gidan nan abu ɗaya suke faɗa: akwai wurin da ba a taɓawa. Muharrami shi ne wanda aure ya haramta tsakaninku. Mai alfarma shi ne wanda ba a keta shi.

Hanyar da ma'anar fili ta shigo ma a fili take, domin ta zauren malamai ta biyo. A Muhtasar na Halilu, wanda aka daɗe ana karantawa a ƙasar Hausa, akwai babi a kan matacciyar ƙasa, wato wadda ba ta keɓanta ga kowa ba. A can aka bayyana cewa gari yana da harimi, shi ne inda mutanensa suke yin itace da kiwo su dawo a yininsu. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa mai zuwa ɗiba ba, kuma ba zai cutar da ruwan ba. Bishiya tana da nata. Gida ma yana da nasa, inda ake zubar da shara da inda indararo yake zuba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe wa wannan mas'ala littafi guda, Ta'alimur Radi, kuma abin lura shi ne kalmar da ke cikin cikakken sunan littafin ita ce "ihtisasi", wato keɓancewa. Malaman nan sun san kalmar "milki" sarai, da ita suke nufi da sun faɗa. Harimi yana keɓanta ga gari ta fuskar cewa baƙo ba zai zo ya sare shi ya ce ya raya matacciyar ƙasa ba, amma wannan bai mai da shi dukiyar wani ɗan garin ba, ko da kuwa shi ne mai garin.

Hurumi a ƙasar da babu sauran daji

Domin a ga nauyin wannan bambanci sai a dubi wurin da ƙasa ta yi tsada. Ƙaramar Hukumar Shanono tana arewa maso yammacin Jihar Kano, a kan iyaka da Jihar Katsina, tana maƙwabtaka da Bagwai da Gwarzo. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 700, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta kimanin mutum 140,000, wato wajen mutum 200 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Lokacin da Mortimore da Wilson (1965) suka zana iyakar yankin nan mai cunkoso da ya kewaye birnin Kano, ma'aunin da suka ɗauka shi ne mutum 350 a murabba'in mil, wanda ya zo daidai da wajen 135 a murabba'in kilomita. Ke nan Shanono ta daɗe da haye wannan ma'auni, ga kuma shekarun da suka shuɗe tun bayan ƙidayar.

A irin wannan ƙasa gona ba ta hutawa. Kalmar "saura" tana nan a baki, amma abin da take nufi ya yi ƙaranci; ana noma gero da dawa da gyaɗa da wake shekara da shekaru a wuri ɗaya, taki ne kawai yake riƙe da ƙasar. Manomin Faruruwa ko Kokiya ko Alajawa, kamar takwaransa na ko'ina a karkarar Kano, yana da kalmomi daki-daki na yadda gona take zuwa hannun mutum: gado, saye, kyauta, aro, haya, jingina. Yana bambanta gandu da gayauna. Ya san cewa mai jingina yana cin amfani amma ba ya sayarwa, kuma mai aro ba ya dasa bishiya sai da izini. Mutumin da harshensa ya tsefe mallaka haka ba zai rasa kalmar "tawa" ba har ya je ya ari "hurumi". Ya ajiye ta ne domin abin da bai shiga wannan jeri ba: maƙabarta, da filin Idi, da makiyaya, da bakin rijiya ko tafki, da kewayen kasuwa. Burtali yana da sunansa na kansa, amma hukuncinsa na hurumi ne. Ba a gadonsa, ba a jinginar da shi, kuma wanda ya kai masa fartanya ya yi laifi ga gari duka, har da waɗanda ba a haifa ba.

To, a inda gonaki suka haɗe baki da baki, hurumi shi ne kaɗai filin da ya rage ba shuka, saboda haka idon kowa yana kansa. Yadda ake cinsa sananne ne: bana maƙwabcin burtali ya ƙara kunya ɗaya, baɗi ya ƙara biyu, bayan shekara goma garken da yake wucewa a sake sai ya bi a layi, ranar da saniya ta kai baki ga dawa kuma rigima ta tashi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965, amma ƙananan hurumai na ƙauye, waɗanda ba su da taswira ko turakun siminti, abin da yake tsaron su shi ne sanin da dattawa suke da shi, da kuma nauyin sunan da ake kiran su da shi. Wannan ne dalilin da ya sa nake ganin sassauta ma'anar kalmar ba wasan malaman harshe ba ne kawai.

Wani zai kawo hujja da "hurumin gida", wato ɗan filin da ke jikin danga ko katanga, inda ake turke akuya ko a shuka kuɓewa, ya ce ai wannan na mai gida ne. Gaskiya ne, kuma ta wannan ƙofa ce mallaka ta fara leƙowa. Amma a lura, gidan ne yake da shi, yana bin gidan duk hannun da ya koma, kuma amfaninsa na farko shi ne hana maƙwabci matsowa.

Akwai wata ma'ana da matasa ba su san ta ba, ita ce yafe haraji. A da sarki yakan yi wa malami ko wani bawan Allah hurumi, wato a daina karɓar kuɗin ƙasa a gonarsa. A Barno takardar irin wannan gata sunanta "mahram", daga saiwa ɗaya, kuma Palmer ya buga fassarar wasu daga cikinsu. Nan ma gonar da ma ta malamin ce. Hurumin bai ƙara masa ko taki ɗaya ba, jakada kawai ya hana shiga. Tun da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, wannan ma'ana ba ta da sauran abin da za ta tsaya a kai.

Laifin harafin nasaba

Ta yaya kalmar da take nufin abin da ba na kowa ba ta koma tana ƙamshin mallaka? Ina ganin rabin amsar a nahawu take. Dubi waɗannan:

(4) dokin dagaci
(5) hurumin gari
(6) hurumin dagaci

Harafin -n na nasaba bai damu da irin dangantakar da yake ƙullawa ba. Shi ne a "dokin sarki", shi ne a "dokin sukuwa", shi ne a "ruwan sha" da "ciwon kai". A (4) dagaci ya mallaki doki, yana iya sayar da shi a kasuwa gobe. A (5) fili ne da aka tsare wa gari. A (6) kuwa ba fili ake nufi ba sam, iyakar abin da dagaci yake da izinin sa baki a ciki ake nufi. Da yake kula da (5) yana cikin (6), sai a wayi gari ana cewa "hurumin gari hurumin dagaci ne", magana mai gaskiya idan an fahimce ta, amma mai kunnen da ya saba da (4) zai ji ta a matsayin "filin na dagaci ne". Mai tsaro ya zama mai kaya ke nan, ba tare da an sauya ko harafi ɗaya ba.

Mu malaman nahawu ma akwai abin dubawa a kalmominmu na koyarwa. Ana kiran -nsa da -rsa "gajeruwar mallaka", "nasa" da "tasa" kuma "doguwar mallaka", yaro ya haddace tun daga firamare. Alhali "ubansa" da "garinsu" da "Ubangijinmu" babu wanda aka mallaka a cikinsu. Suna ne da aka fassaro daga nahawun Turawa, ya zauna, kuma yana koya wa ɗalibi karanta "huruminsa" da idon "rigarsa".

Sauran rabin amsar yana cikin tarihin doka. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun kafa kwamitin bincike a kan ƙasar Arewa a 1908, wanda ya haifar da dokar 1910 da ta sanya dukkan ƙasa ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi wannan sawu, sannan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a Nijeriya baki ɗaya: ƙasar kowace jiha tana hannun gwamnanta a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma tana iya ba da izinin zama na gargajiya a wajen birane, har hekta 500 domin noma, 5,000 domin kiwo. Lafazin dokar amana ne, amma abin da talaka ya gani da idonsa shi ne wanda yake da iko yana yanka fili ya bayar da takarda. A gaban irin wannan tsari gona mai gado tana da mai ita da zai tsaya ya yi rantsuwa a kanta. Hurumi kuwa, da yake ba na kowa ba ne, shi ya fi kama da filin da babu mai shi, bambancin da Halilu da Abdullahi suka ɓata tawada suna tsarewa.

Hurumin kotu

Wannan ma'ana ba ni da ja da ita, hasali ma ina ganin tana cikin fassarori mafi dacewa da aka yi a Hausar zamani. Tun da aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su ƙarƙashin jihohi a ƙarshen shekarun 1960, kotuna suka yi hawa-hawa, kowace da iyakar da doka ta yanka mata, dole a sami kalmar faɗar wannan iyaka. Mutanen Shanono sun ga misalinta a kusa. A 2019 dokar jiha ta fitar da su daga masarautar Kano ta sanya su a sabuwar masarautar Bichi. A watan Mayu na 2024 aka soke dokar suka koma Kano. Shari'ar da ta biyo baya ta daɗe tana kewaya tambaya ɗaya, ko Babbar Kotun Tarayya tana da hurumin sauraron rikicin sarauta, kuma a watan Janairu na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba ta da shi. Babu mai hankalin da ya fahimci cewa ana nufin alƙalin bai san doka ba, ko kuwa ƙarar dukiyar wata kotu ce. An ce ne kawai nan ba wurin shigarsa ba ne, daidai da abin da ake faɗa wa mai garma a (1).

A lura kuma da irin jimlolin da kalmar ta fi zama a ciki: "ba ta da hurumi", "ba huruminsa ba ne", "ya wuce huruminsa", "sun shiga hurumin da ba nasu ba". Kusan kullum da korewa ko da ƙorafi take tafiya. Kalma ba ta manta gidansu.

Hurumi da fage

Inda nake da ja shi ne misali na (3), da abin da ya haifar a rubuce-rubucen ɗalibanmu, inda ake cin karo da "hurumin nazarin adabi" ko "wannan bincike yana cikin hurumin ilimin walwalar harshe". Ana iya gane yadda aka zo nan. A tsarin sana'o'in gargajiya izini da gwaninta tare suke tafiya, domin gado ne yake ba da duka biyun. Ɗan wanzami shi ya iya kaciya da ƙaho, shi ne kuma aka yarda ya yi. Sarkin Aska da Sarkin Fawa da Sarkin Maƙera suna tsaron sana'a daga mai kutse. Idan aka ce wa manomi fiɗa a kasuwa ba huruminsa ba ne, an gaya masa abu biyu a numfashi ɗaya, bai gada ba kuma bai iya ba. Amma ko a can, wanda kalmar take ɗauke da shi shi ne na farko. Ana iya samun wanda ya fi mahauci iya wuƙa, duk da haka a ce ba huruminsa ba ne.

Hausa kuwa tana da kalmar da ta dace da wurin nuna gwaninta, ita ce "fage", ga kuma "fanni" da muka aro daga Larabci. A gwada su a jimla ɗaya a gani:

(7) Ya yi fice a fagen waƙa.
(8) *Ya yi fice a hurumin waƙa.
(9) Ya shiga fage.
(10) Ya shiga hurumin wani.

Jimla ta (8) ba ta zauna ba, kunne yana ƙin ta. Ta (9) yabo ce ko share hanyar yabo, domin fagen dambe da na kokawa da na sukuwa duk a buɗe suke ga wanda ya ji zai iya, can ake rarrabe gwani da ɗan koyo a gaban jama'a. Ta (10) tuhuma ce. Ana "share fage" domin a shigo, ba a taɓa jin an share hurumi ba sai dai a kewaye shi. Saboda haka malamin da ya ce wa abokin aikinsa tsarin sauti ba huruminsa ba ne, bai ce masa ya yi kuskure a wuri kaza ba, abin da za a iya dubawa a tabbatar ko a ƙaryata. Ya ce masa ne ba shi da izinin magana. Wannan hukunci ne na Sarkin Fawa, kuma bai kamata a ba shi mazauni a jami'a ba. Nazarin Hausa kansa ya ci moriyar masu kutse: Bargery ɗan mishan ne, Abraham ya yi aikin soja da na mulki, Abubakar Imam kuwa malamin makarantar Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933. Da an tsare musu hurumi da ba mu da abin koyarwa.

Ban ce a kori kalmar daga harabar makaranta ba. Idan hukumar sashe ta ce sauya sakamakon jarrabawa ba hurumin malami ɗaya ba ne, ta yi daidai, domin maganar izini ake yi. Ɗalibin da yake son faɗar iyakar bincikensa kuma yana da "farfajiya" ko "iyaka" ko "fage", ya zaɓa.

Akwai dai wuri ɗaya da kalmar Ingilishin nan da tamu suke haɗuwa ba tare da an tilasta musu ba, kuma abin mamaki shi ne nan ne masu fassara suka fi yin kame-kame. Dokar haƙƙin mallakar fasaha ta Nijeriya ta 2022 tana tsare aikin adabi har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucinsa ya rasu, daga nan ya faɗa abin da Turawa suke kira "public domain". Rubuce-rubucen Shehu Usmanu da na Abdullahi da waƙoƙin Nana Asma'u duk suna can. Kowa yana iya kwafa, ya buga, ya karantar, amma babu wanda zai kewaye su ya ce nasa ne ya hana wani. Ana ta fassara wannan da "mallakar jama'a" ko "mallakar kowa da kowa", alhali tsohon da ke zaune a bakin maƙabartar Shanono yana da sunansa tun tuni: hurumin jama'a ne.